Inda na kai a koyon Turanci: kalmar "appearance" da 'yan uwanta

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Littafina na kalmomi ya shigo babin siffanta mutum, kuma kalma ɗaya ce ta cinye mini makon nan, wato "appearance". Ƙamus zai ce maka siffa ko kama, ya wuce. Bai yi ƙarya ba, amma da wannan kaɗai ba za ka iya karanta labarin ƙwallo ko na kotu ba.

Abin da ya warware mini ita shi ne komawa tushe. Daga aikatau "appear" ta fito, wato bayyana. Asalinta Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Da zarar ka riƙe bayyana a ranka, sauran ma'anonin da kansu za su jeru. Yadda mutum ya bayyana ga ido, tsayinsa da launin fatarsa da shigarsa, "appearance" ne. Bayyanar wanda ake tuhuma a gaban alƙali, ita ma haka. Ɗan ƙwallo ya fito fili ya buga wasa, an lissafa masa guda. Shi ya sa za ka karanta cewa Ahmed Musa yana da "appearances" fiye da 100 a Super Eagles, kuma ba kamanninsa ake ƙirgawa ba.

Jam'in ne ya fi ɗaukar hankalina. Idan siffar jiki ake nufi, yawanci tilo take zuwa, ko da mutanen suna da yawa: "their appearance". Amma idan ba wasa ko zaman kotu ake ƙirgawa ba, aka kuma saka mata "s", to an koma maganar zahiri da baɗini. "Appearances can be deceptive" na nufin abin da ido ya gani yana iya yaudara. Sai "keep up appearances", wadda wani abokin karatuna ya ce rufin asiri ce. Ni dai ban yarda ba. Rufin asiri a wurinmu abin roƙo ne, ana yi wa mutum addu'a da shi. Ita kuwa wannan tana da ƙanshin riya: gida ya ci wuta, amma ana fita da babbar riga don kada a gane.

"Looks" kuma ɗiyar gida ce, daga tsohon Turanci take, kuma ta fi zama a hira. Ta fi karkata ga kyau, musamman na fuska, ba ta cika ɗaukar tufafi ba. A takardar neman aiki ko rahoton 'yan sanda "appearance" za ka gani. Ku kuma lura da aikatau ɗinta: "he looks tired", da alama ya gaji, babu "like". Sai suna zai biyo baya ake sa ta: "he looks like his father", ya yi kama da mahaifinsa.

Atisayen da na ɗora wa kaina shi ne cigiya. In na ji irin ta rediyo, sai in rubuta ta da Turanci, don babu inda ake siffanta mutum tsaf kamar nan. Yaro fari, dogo, mai wushirya, sanye da doguwar riga shuɗiya. A nan ake gane inda gizo ke saƙar. Farin mutum namu ba "white" ba ne, wannan Bature za a je nema. "Light-skinned" ake cewa, ko "fair in complexion" yadda aka saba a Najeriya. A Ingila "fair" takan nufi har da gashi mai haske. Wushirya sai an yi mata jimla, "a gap between his front teeth". Wankan tarwaɗa kuwa na bar shi a "medium brown", ko da yake raina bai kwanta ba. Ga kuma yadda ake jera siffofi a Turanci: girma ke gaba, sai shekaru, sai launi, sai abin da aka yi kayan da shi. "A long blue cotton gown" daidai ne. Ka juya shi, za a gane ka, amma kunnen mai harshen zai ji wani iri.

Furucin "appearance" kuwa har yanzu muna kokawa. Bakinmu ya saba mayar da "p" zuwa "f". Dabarar da nake yi ita ce in riƙe 'yar takarda a gaban baki, in haɗe leɓɓa gam, in sake su. In takardar ta motsa, sautin ya fito. Nauyin kalmar a gaɓa ta biyu yake. A rubutu kuma "p" biyu ce, ƙarshenta "ance".

Mako mai zuwa zan shiga "features" da "complexion", in Allah ya kai mu. Wanda yake da fassarar wankan tarwaɗa da ta fi tawa, don Allah ya taimaka mini da ita kafin nan.