Ƙarfen da bai kamata maganaɗisu ya kama ba

Sana'armu duba lafiyar ƙarfe ce ba tare da an yanka shi ba. Mu biyar ne a kamfanin, kuma yawancin abin da ake kiranmu mu duba fikafikan injin tabain ne (injin da iska mai zafi ke juya fikafikansa) da bututun tanderun masana'antun sinadarai, waɗanda ake ƙerawa da haɗin nikel mai jure wuta.

Zallan nikel maganaɗisu na kama shi, har sai zafinsa ya kai wajen digiri 358 a ma'aunin Selshiyas. Da zarar an haɗa shi da kuromiyam mai yawa, wannan hali sai ya kwanta. Wani irin wannan haɗin da ake kira Inconel 718, alal misali, sai sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili kafin maganaɗisu ya san da zamansa. Shi ya sa in ka ɗora maganaɗisu a kan sabon fiffike, zamewa yake ya faɗi.

To, ranar da ya ɗan manne fa, akwai magana.

Wani lokaci abin a fata ne kawai. Wuta ta janye kuromiyam zuwa sama ya zama ɓawo, ko kabon ya shige bututu ya ɗaure kuromiyam ɗin, abin da ya rage a wurin sai ya koma ɗabi'ar nikel. Wannan mun saba da shi.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na ciki. Ƙarfin waɗannan fikafikai yana cikin wasu ƙananan ƙwayoyi na nikel da alminiyam, nikel uku alminiyam ɗaya, masu jeri tsaf kamar an sa musu zare. Fiffike yana juyawa cikin tsananin zafi, nauyin juyin yana jansa, ƙarfen yana miƙewa kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Miƙewar nan tana tsaga ƙwayoyin, jerin ya hargitse, sai a sami 'yan gurabe da ke amsa kiran maganaɗisu. Ba su kai su riƙe maganaɗisun hannu ba, sai na'ura mai kaifin ji ke gano su.

Akwai wani fiffike da ba na mantawa. Na goge shi tas, babu tsaga, babu tabo. Na sa kan na'ura daga gindi ina hawa a hankali, allura shiru. Ina isa daidai inda zafi da jan juyi suka haɗu, sai ta motsa. Na sauko, ta koma. Sau uku ina maimaitawa, hannuna har gumi yake. Injiniyan wurin ya ce, "Malam, ai ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau." Na roƙe shi a kankare saman wurin a sake gwadawa, don in ɓawo ne, karatun zai sauka. Aka kankare, bai sauka ba.

Na rubuta a rahotona cewa kada a mayar da shi cikin injin, a kai shi ɗakin bincike a yanka. Yanzu duk yaron da na ɗauka aiki, abu na farko da nake koya masa shi ne ya auna sabon ƙarfe ya ajiye karatunsa, don ranar da tsohon zai dawo hannunmu.