Kwikwiyon Boerboel a wata na biyar: inda aiki ya kai

'Yan uwa masu koyon kiwon manyan karnukan gadi, ga inda aka kwana da kwikwiyon nan na Boerboel, jinsin Afirka ta Kudu da namijinsa kan haura kilo 60 idan ya girma.

An kammala rigakafi. Allurar DHLPP, wato haɗaɗɗiyar allurar rigakafin cututtukan kare biyar ciki har da parvo, ana fara ta a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har ya cika sati 16, ta haukan kare kuma daga sati 12. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU da ke Samaru yana yin su. Kafin allurar ƙarshe kada ya taka inda karnukan unguwa ke kashi, domin ƙwayar parvo kan yi watanni a ƙasa, kuma zawon jininta na iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Abinci sau uku a rana har wata shida, sannan a koma biyu. Ku guji ƙara masa garin ƙashi ko kalsiyam wai don ya yi ƙato. Hakan na karkatar da ƙafafun babban kare. Haƙarƙarinsa ya riƙa jiwuwa a tafin hannu, ba sai an danna ba. Ragowar miya ma a bari, albasa na lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soki hanji.

Horo shi ne babban aikin wannan watan. Ya iya "zauna" da "zo", yana kan koyon "bari". Minti biyar ya isa zama guda, da sassafe ko bayan la'asar, da ɗan busasshen nama kamar ƙwayar gyaɗa a aljihu. Ana ɗaga naman saman hancinsa a ja baya kaɗan. Da gindinsa ya taɓa ƙasa sai a ce "yauwa" a ba shi nan take. Idan aka yi jinkiri ya riga ya miƙe, to miƙewar aka saka masa. Kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya, har yara.

Shawarar da ta fi yawo ita ce a kulle shi a keji ko a ɗaure da sarƙa kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Karen da aka yi wa haka tsoro ne ke cika shi, ba ya bambanta ɓarawo da ɗan garuwa ko almajirin da ya leƙo zaure, kuma ranar da sarƙa ta tsinke mai kilo 60 ba ya riƙuwa. Gadi a jininsa yake, zai fito da kansa bayan shekara. Yanzu a fita da shi a igiya ya ji ƙarar babur, ya ga awaki da baƙi, a yaba masa duk lokacin da ya natsu.

Jan igiya ne bai daidaitu ba tukuna. Da ya ja sai a tsaya cak, ba a motsawa sai igiyar ta yi sako-sako. Tsallen katanga da dogon gudu kuwa sai ya kai wata 18 ƙasusuwa sun ƙosa.

Damina kan kawo kaska. Kullum da yamma a duba cikin kunne da tsakanin yatsu, kuma idan dasashinsa ya yi fari ko ya ƙi abinci, a kai shi gwajin jini a ranar.