Katin bashin da motocina ke shan mai da shi

Sana'ata kai kaya ce. Motoci huɗu gare ni da direbobi biyar, muna ɗauko kaya daga rumbunan manyan 'yan kasuwa mu rarraba wa masu shaguna. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san in ka cire albashi, babu abin da ke cin kuɗi kamar mai. Taya takan yi watanni, gyaran inji sai jefi-jefi, amma tanki kullum bakinsa a buɗe yake. Shi ya sa da na ji akwai katin bashi da ke mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe a gidan mai, ban tsaya dogon tunani ba.

Talla ce ta ja ni zuwa katin farko: kashi 5 cikin 100 a kan mai. Bayan wata uku na zauna da takardar asusu da tarin rasit, sai na ga abin da ya dawo mini bai kai rabin wanda na sa rai ba. Da na koma na karanta ƙananan rubutun yarjejeniyar, ashe kashi 5 ɗin yana da iyaka. Da zarar ka kashe wani adadi a cikin wata ukun, sauran sai a koma ba ka kashi 1. Mai motar gida ɗaya da wuya ya kai wa wannan iyaka, mu kuwa a watan farko muke tsallake ta. Wata ɗaya kashi 5, wata biyu kashi 1, in ka haɗa ka raba bai wuce kashi 2 da ɗigo 3 ba. Katin da ke ba da kashi 3 ba tare da iyaka ba, wanda na raina da farko, ya fi shi amfani a wurina nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ya fi ɗaure mini kai. Akwai wani gidan mai da ke jikin wani babban kanti a kan hanyarmu, man can ya fi araha, direbobina suna yawan tsayawa. Amma ko sau ɗaya bankin bai lissafa wannan sayayya a matsayin mai ba. Sai daga baya na fahimci cewa banki ba ya ganin abin da ka saya, lambar wurin kawai yake gani. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna rarraba 'yan kasuwa da lambobi masu alƙaluma huɗu gwargwadon sana'arsu. Gidan mai 5541 ne, famfon da kake biya a jikinsa da kanka 5542, kantin kayan abinci kuma 5411. In injin karɓar kuɗin wurin yana ɗauke da lambar kanti, ko tanki goma ka cika, a idon banki cefane ka yi. Wasu katunan ma sun rubuta ƙarara cewa man da aka sha a irin waɗannan kantuna ba ya cikin garaɓasar. Yanzu kafin mu riƙe sabon gidan mai, nakan sha kaɗan, in jira in ga yadda ya fito a takarda.

An yi ta tallata mini katin wani kamfanin mai, mai rage wani abu a kan kowace lita. Ban karɓa ba. Rangwamen a gidajen mansu kaɗai yake aiki, direba kuwa ba zai bar hanyarsa da kaya a baya ya tafi neman tambari ɗaya ba. Man da zai ƙona a zagayen ya cinye ribar. Ga shi kuma rangwamen lita a tsaye yake, ko farashi ya tashi ba ya motsi, shi kuwa kaso yana tashi tare da farashin. Katin maki, wato mai tara maka maki maimakon mayar maka da kuɗi, shi ma na bar shi, domin darajar maki a hannun banki take, a wasu katunan ma yakan mutu in an daɗe ba a taɓa shi ba. Ni kuɗi nake so, wanda zan gani a asusu.

Abin da na fi damuwa in faɗa wa 'yan'uwana masu ƙananan sana'o'i shi ne maganar kuɗin ruwa. Duk wannan lissafi yana tsayuwa ne kawai in kana biyan bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka. Ka ɗauka ruwan katin kashi 24 ne a shekara, wato kashi 2 a wata. Bashin da ya kwana wata ɗaya da rabi ya shafe kashi 3 ɗinka kakaf, daga nan kuma aljihunka ake ci. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, lokacin da wani babban abokin ciniki ya jinkirta biyana, na biya mafi ƙarancin abin da aka nema kawai. Ribar watanni ta tafi a banza, raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga ranar na ware kuɗin man wata guda a wani asusu daban, na kuma sa bankin ya riƙa cire cikakken bashin da kansa.

Katin da na tsaya a kansa yana da kuɗin shekara, amma a yadda muke shan mai, cikin wata biyu yake biyan kansa. Kowane direba yana da nasa a ƙarƙashin asusun kamfani, da iyakar abin da zai iya kashewa. Da farko na matse iyakar sosai, har famfo ya ƙi karɓar katin wani direbana a tsakiyar aiki, saboda famfon da ake biya a jikinsa yakan riƙe wani adadi tukuna kafin ya saki mai, sai daga baya a sake ragowar. Dole na ɗan ɗaga ta. Duk ranar Juma'a da yamma direbobi ke kawo rasit, kowanne da adadin kilomitar da agogon motar ya nuna a rubuce a bayansa, ni kuma in gwada da abin da katin ya nuna. Ta haka ne ma na gano wata motata tana shan mai fiye da ƙa'ida, tun kafin ta tsaya mana a hanya.