Godiya ga Waɗanda Suka Buɗe wa Ɗalibanmu Ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗalibanmu na sashen injiniyan injina suka baje kolin abin da suka koyo a watanni huɗun da suka yi a wuraren koyon aiki, wato shirin SIWES, kuma duk wanda muka sallama ya dawo mana da yatsunsa goma. Wanda bai taɓa tura yaro ɗan shekara 19 gaban injin yankan ƙarfe ba zai ɗauka wasa nake yi. Ni da aka ɗora wa kula da shirin a sashenmu, tun ranar da suka tafi rabona da barci mai nauyi. A wurin taron minti biyar aka ba ni, manya sun cinye sauran, shi ya sa na zo nan in sauke godiyar da ta tsaya mini a maƙogwaro.

Sai na faɗi yadda abin ya faro, in ba haka ba ba za a gane nauyin godiyar ba. Saura mako ɗaya yara su tafi, wani kamfani da ya yi mana alkawarin gurbi mafi yawa ya aiko da takarda cewa ba zai iya ba. Ba zan kama sunansa ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Tun da aka mayar da kuɗin wutar layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga tsadar dizal, masana'antu da yawa rabin yini suke aiki. Wanda ke sallamar ma'aikatansa ina zai kai ɗalibi? Amma ni a ranar ido ya raina fata. Ga yara sun ɗinka rigar aiki, iyaye sun haɗa kuɗin mota, ga ni da takardu a hannu ba inda zan kai.

Shirin nan ba yau aka fara shi ba. Hukumar ITF mai kula da horas da ma'aikatan masana'antu, wadda hedikwatarta ke Jos, an kafa ta a 1971, ita kuma ta ƙirƙiro SIWES a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa ana yaye musu injiniyoyin da suka san lissafi amma ba su san riƙon sifana ba. A wancan zamani wurin kai ɗalibi ba abin nema ba ne. Masaƙar KTL tana aiki a Kakuri tun 1957, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta Kaduna ta biyo baya a 1980. Malamanmu sun ba mu labarin yadda kamfanoni ke aiko da mota a ɗauki ɗalibai. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu makarantu sun ƙaru, ɗalibai sun ninka, ƙofofi sun ragu. Wannan shi ne halin da kowane mai kula da SIWES a Arewa yake ciki, ko ya faɗa ko ya yi shiru.

To, godiyata ta farko ga masu sana'ar Tsohuwar Panteka ta Kaduna take. Da kunya na je, don a ganina a lokacin, kai ɗalibin difloma rumfar mai walda koma baya ne. Allah ya yafe mini wannan tunani. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar Kadpoly, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kafin a ba shi NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, a 2021, ya yi ta jan hankalin mutane kan haɗa kai da masu sana'ar wannan kasuwa, mu kuma daga nesa muna jin abin kamar zancen taro ne kawai. Sai da buƙata ta kai ni na gane.

Wani dattijo mai ƙera injin sussukar masara, wanda kowa a layinsu ke kira Baba, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, yaran naka suna jin magana?” Na ce suna ji. Ya ce, “To kawo su. Amma ba kujera a nan, kuma wanda ya zo bayan ƙarfe takwas ya koma gida.” Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba takarda, ba hatimi. Ya ɗauki shida, ya zaga da ni wurin maƙwabtansa, masu zubin tukwane da masu naɗin waya da masu sassaƙa ƙarfe a inji, kafin la'asar kowane yaro ya samu maigida.

Baba, ga shi na faɗa a gaban jama'a: abin da ka koya wa yaran nan a wata huɗu ban koya musu shi a shekara ba. Na shekara ina zana musu boris a allo, ina bayanin yadda zai zauna daram a jikin sanda. Kai kuwa ka miƙa wa yaro boris da sanda ka ce ya saka. Ya ɗauko guduma, ka riƙe hannunsa, ka sa aka ɗumama boris ɗin a mai, ya zura shi ya shige salin alin. Yaron ya zo ofis yana gaya mini cewa ashe buɗewar ƙarfe da zafi da muke lissafawa a aji gaskiya ce. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba hannu ɗaya ne ya yi ta karɓa ba. Baba yana da wani inji da ke farfasa ƙwayar masara, kunnensa ya gaya masa gudu ya yi yawa, yana ta canza fuli yana gwadawa. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta duba jikin motar lantarkin ta ga tana juyi 1,440 a minti, ta zauna da biro ta nuna masa cewa in aka sa fuli mai inci 4 a motar, mai inci 10 a gangar injin, gudun zai sauko zuwa 576. Aka gwada, masara ta fito lafiya lau. Tun daga ranar ya daina kiran ta “yarinya”, ya koma “Injiniya”. Su kuma yaran shagon suka koyi karanta zane, suka riƙe cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne, don rigimar inci da milimita ta kusa haɗa su faɗa a makon farko.

Ina godiya ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano da suka karɓi sauran. Musamman injiniyan gyara na wani kamfanin robobi, wanda ya ƙi barin ɗalibanmu su zauna a ofis suna kwafar takardu. Ya raba su aiki na dare da na rana kamar kowa, ranar da wani injin ya tsaya ya sa su suka kwance shi da hannunsu yana tsaye a kansu. Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na san asarar awa ɗaya a wurinku ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ka haƙura da jinkirin masu koyo.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. A mako na uku hasken walda ya shiga idon wani ɗalibinmu, ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Laifina ne, ni na sallame su ba tare da na tabbatar kowa yana da gilashin walda ba. Maigidansa bai jira ni ba, ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ya biya kuɗin magani, sai da gari ya waye ya kira ni. Cikin kwana biyu ido ya washe. Mahaifin yaron kuma, maimakon faɗa, sai ya ce mini, “Malam, ai koyo ke nan.” Alhaji, na gode da wannan haƙuri. Tsofaffin ɗalibanmu da suka ji labari suka haɗa kuɗi aka sayi gilasai da safar hannu da takalman aiki, sun zama kayan sashe, kowane rukuni zai riƙa karɓa yana dawowa da su.

Hajiyar da ta sauki 'yan matanmu uku a gidanta a Tudun Wada, ta ciyar da su wata huɗu ba ta karɓi ko sisi ba, ta ce kada a ambace ta. Ban ambace ki ba, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a.

Abokan aikina da suka bi rana suna zagayen duba ɗalibai, shugaban sashe da ya sa hannu a kan zuwa Panteka alhali wasu na gunaguni, jami'an ITF da suka zo dubawa, direbanmu, da masu ɗakin gwaji da suka kwana biyu suna shirya wurin baje koli, duk na gode.

Ku kuma ɗalibai, kun fitar da ni kunya, amma ba dukanku ba. Na san akwai biyu ko uku da suka cika logbuk, littafin rubuta aikin kullum, a ɗaki. Rubutun mako goma sha shida da biro ɗaya da yanayin hannu ɗaya ba ya ɓuya, kuma tafin hannunku sumul yake kamar ranar da kuka tafi. Za mu yi magana a ofis. Sauran kuwa, wanda duk ya ga injin sussukar da kuka haɗa yana aiki ranar Asabar, har wani manomi ya tsaya yana tambayar farashi, ya san ba zaman banza kuka yi ba. Ku riƙa leƙa iyayen gidanku ana gaisawa, kada takardar difloma ta sa ku wuce su a hanya.

Ga masu kamfani ko gareji ko shagon ƙira da ke karanta wannan: wani rukunin zai fita a ƙarshen zangon karatu mai zuwa. Ko gurbin mutum ɗaya kake da shi muna so, sharaɗinmu kawai a bar yaro ya taɓa inji, kada a mayar da shi ɗan aiken sayo abinci. Mun kuma yanke shawara a sashe cewa za mu gayyaci Baba da abokan sana'arsa biyu su zo su tsaya a gaban aji, su duba zanen ayyukan ƙarshe na ɗalibai kafin a yanka ƙarfe. Da na gaya masa sai ya ce shi bai iya Turanci ba. Na ce da Hausa za a yi.

Baba, injin waldar da ka ara mana yana nan a ɗakin gwaji, mun canza masa wayar da ta goge. Ranar Asabar in sha Allahu zan kawo shi da kaina.