Yadda mutanen Ayilan ke karanta sararin sama

Tsibirin Ayilan yana bakin Tekun Atlantika ne, kuma galibin iska da ruwan da ke sauka a kansa daga yamma suke tasowa. Saboda haka manomi mai shanya ciyawa da masunci mai shirin tura kwale-kwale sun daɗe da iya duban sama, tun kafin a kafa hukumar hasashen yanayi ta Met Éireann a 1936. Da yawa daga abin da suka sani ya tsira ne domin tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa 'yan firamare fiye da 50,000 sun rubuta abin da suka ji daga bakin iyaye da kakanni.

Alamomin da na fi amincewa da su su ne waɗanda suka shafi sama kanta. Idan yamma ta yi ja lokacin faɗuwar rana, sukan ce gobe za a tashi garau, kuma akwai dalili, domin jan yana nuna cewa iskar da ke yamma busasshiya ce, ita ce kuwa ke tafe. Da'irar da kan kewaye wata kuma suna ɗaukarta alamar ruwa, abin da ke haifar da ita kuwa shi ne hasken wata da ke ratsa ƙwayoyin ƙanƙara a cikin siririn gajimare na can sama, irin wanda kan riga hadari isowa.

A cikin ɗaki ma ana lura. Idan kunkunniya ta fara zubowa daga bututun hayaƙi zuwa cikin murhu, an san iska ta ɗauki laima. Ana kuma cewa guguwa na tafe idan kyanwa ta juya wa wuta baya, ko da yake a ganina ɗumi kawai take nema wa gadon bayanta.

Alamomin da aka ɗaura wa ranakun kalanda kuwa sun fi kusa da tatsuniya, amma su suka fi daɗin ji. An ce idan rana ta fito sosai a 1 ga Fabrairu, ranar Waliyyiya Brigid, to Cailleach, wata tsohuwa mai iko da hunturu a tatsuniyoyinsu, ita ce ta haskaka gari don ta tara itace, wato hunturu zai ja. Sanyin farkon Afrilu kuma an ce watan Maris ne ya ari kwana uku don ya kashe wata tsohuwar saniya mai roɗi-roɗi da ta yi alfaharin cewa ya kasa kayar da ita.