Ranar da matan Ayislan suka yi yaji

Kalmar da ma'aikata ke amfani da ita idan sun ajiye aiki, wato yajin aiki, aro ce daga ɗakin mata. Tun kafin a san ƙungiyar ƙwadago ko ta malaman jami'a, matar da aka ɓata wa rai ce ke yafa mayafinta ta tafi gidan iyayenta, ta zauna har sai miji ya je biko. Na ga yaji sau ɗaya a gidanmu, ina 'yar shekara tara, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifina durƙushe a gaban murhu, hayaƙi ya cika masa ido, yana tuƙa wani tuwo mai gudaji wanda ko shi kansa ya kasa haɗiyewa. Ruwan randa ya ƙare ba wanda ya lura, ƙanena ya tafi makarantar allo ba wanka, yaran da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli suka yi ta sallama suna komawa. A rana ta uku Baba ya ɗauki yayansa suka tafi biko. Inna ta dawo da yamma, ta tarar da tukwanen kwana uku jibge a bakin rijiya, ta gyara ɗaurin zani ta hau wanke-wanke tun kafin ta sha ruwa. Bayan 'yan watanni, da aka aiko da wata takarda daga makarantarmu ana tambayar sana'ar uwa, sai na ji Baba ya ce wa mai cikewa, "Ba ta aiki, tana gida."

Wannan magana ce ta dawo mini lokacin da na fara karanta labarin abin da ya faru a Ayislan ranar Juma'a, 24 ga Oktoba, 1975. Ayislan tsibiri ne mai tsananin sanyi a can arewacin tekun Atlantika, kuma a wancan lokaci mutanensa duka ba su wuce kimanin 220,000 ba, adadin da bai kai na wasu ƙananan hukumomi na birnin Kano ba. Matan ƙasar sun fara samun ikon jefa ƙuri'a tun 1915, amma cikin shekaru sittin da suka biyo baya mata tara kacal suka taɓa zama a majalisar dokoki, kuma a 1975 ɗin uku ne a cikin kujeru 60. Abin da mace ke samu a wurin aiki bai kai kashi 60 cikin ɗari na abin da namiji ke samu ba. Ta gona da ta gida kuwa, ko lissafinsu ba a yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 1975 a matsayin shekarar mata, ƙasashe da dama kuma suka wadatu da taruka da jawabai. A Ayislan wata ƙungiyar mata masu zafin ra'ayi ta kawo shawarar a yi yajin aiki na yini guda, mata su ajiye komai, na ofis da na gida. Mata da yawa suka ja baya, wasu don kalmar ta yi musu kama da ta 'yan gurguzu, wasu don tsoron kora daga aiki. Sai kwamitin shirya abin ya canza suna, aka kira shi ranar hutun mata. Akwai masu ganin wannan sassauci ne da ya rage wa gwagwarmayar kaifi, amma ni ina ganin nan ne dabarar take, domin da sabon sunan ne matar ɗan kasuwa da mai aikin gyaran kifi da tsohuwa mai ra'ayin riƙau duk suka samu ƙofar shiga. Da an dage a kan suna, da ƙila 'yan ɗaruruwa ne za su fito, a yi musu dariya a watse.

Kimanin kashi 90 cikin ɗari na matan ƙasar ne suka amsa kira. Makarantu da gidajen renon yara suka rufe, masana'antun kifi, waɗanda su ne ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasar, suka tsaya ko suka yi tafiyar hawainiya, wayar tarho ta samu cikas saboda mata ne ke haɗa layi, aka soke tashin jirage don babu masu hidima a ciki. A wasu bankuna manajoji ne suka sauko suka zauna a kan kanta suna ƙirga kuɗi. Maza suka kwashi yara zuwa wuraren aiki da alewa da fensiran zane a aljihu, masu sauraren rediyo suka riƙa jiyo hayaniyar yara a bayan muryar mai karanta labarai, kuma sosej, abincin da ko wanda bai taɓa girki ba zai iya dafawa, ya ƙare ƙaf a kantuna. Mazan da kansu suka laƙaba wa ranar suna doguwar Juma'a. A tsakiyar Reykjavik, babban birnin ƙasar, mata kusan 25,000 suka taru suna waƙoƙi da jawabai, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane goma na al'ummar ƙasar a fili guda.

A wannan shekarar matan arewacin Najeriya ko ikon jefa ƙuri'a ba su da shi, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan neman sa. Sai a 1976 aka ba su.

Bambancin yajin Inna da na matan Ayislan yana cikin abin da ya biyo baya. Yajin mace ɗaya biko yake jawowa, a ba ta haƙuri, wataƙila a haɗa da turmin atamfa, ta koma ta tarar da aikin yana jiranta yadda ta bar shi. Yajin ƙasa guda kuwa doka ya jawo. A 1976 majalisa ta zartar da dokar daidaita haƙƙin maza da mata. A 1980 Vigdís Finnbogadóttir, shugabar wani gidan wasan kwaikwayo, wadda aurenta ya mutu kuma take renon 'yarta ita kaɗai, ta ci zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u kusan kashi 34 cikin ɗari a gaban maza uku. Ita ce mace ta farko a duniya da talakawa suka zaɓa shugabar ƙasa kai tsaye, ta kuma yi shekara 16 a kan kujerar. Tana cikin matan da suka tsaya a filin nan a 1975. A zaɓen 1983 wata jam'iyya ta mata zalla ta shiga takara, yawan mata a majalisa ya tashi daga uku zuwa tara.

Duk da haka, dokar da ta fi burge ni ita ce ta shekarar 2000, saboda ita ce ta shiga har cikin ɗaki. An raba hutun haihuwa na wata tara gida uku: wata uku na uwa, wata uku na uba, sauran ukun su raba yadda suka so, kuma idan uba ya ƙi ɗaukar nasa, ya tafi ke nan, ba a mayar wa uwa. Hikimar a fili take. Muddin mace kaɗai ce ke ɓacewa daga ofis idan an haihu, mai ɗaukar ma'aikata zai ci gaba da ganin ta a matsayin asara. Da zarar namiji ma ya zama mai ɓacewa, wannan uzurin ya faɗi, sannan uban da ya yi wata uku yana canza ƙunzugu da tashin dare da wuya bakinsa ya iya furta cewa matarsa ba ta aiki. Daga 2021 hutun ya koma wata goma sha biyu, shida-shida. A farkon 2018 kuma doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye ya nuna shaidar cewa albashi ɗaya yake biya a kan aiki ɗaya, maimakon a bar wa ma'aikaciya wahalar tabbatar da an cuce ta.

Kada a ɗauka an gama. Matan sun sake fita a 1985, sannan a 2005, 2010, 2016 da 2018 suka riƙa barin aiki a daidai lokacin da lissafi ya nuna biyansu ya ƙare idan aka gwada da na maza: ƙarfe 2:08 na rana a 2005, ƙarfe 2:55 a 2018. Minti 47 suka ƙaru cikin shekara 13. A 2023 suka sake yin yini cikakke, har da firaministar lokacin, Katrín Jakobsdóttir, kuma wannan karon cin zarafin mata da ƙarancin albashin masu shara da jinya, waɗanda da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani, suna kan gaba a ƙorafin. Wannan ita ce ƙasar da tun 2009 take zuwa ta ɗaya a jerin da Dandalin Tattalin Arziki na Duniya ke fitarwa kan daidaito. A duniya baki ɗaya, Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mace na shafe awa 4 da minti 25 kullum a aikin gida da reno marar lada, namiji kuma awa 1 da minti 23.

Na san za a ce wannan al'adar Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ba mu rasa madogara ba, kuma ba mu rasa kalma ba, tun da mu muka ba yajin aiki suna.

Kwanan baya na zauna na ba Inna labarin nan tana tsince shinkafa a faranti. Ta yi dariya sosai a wurin sosej da ya ƙare a kantuna, ta sa na maimaita mata batun manajan banki a kan kanta. Da na zo kan shugabar ƙasa da dokoki sai ta yi shiru, ta kaɗe farantin, ta ce, "To, washegari fa? Wa ya wanke kwanukan da suka taru?"