Ramukan da suka taru a kusurwa ɗaya

Daren Laraba na gama zanen wani ƙaramin allon da'irar lantarki mai fuska biyu, faɗinsa inci 2, tsawonsa inci 3. Na fitar da fayilolin Gerber, masu ɗauke da zanen layukan tagulla da rubutun allo, na fitar da fayil ɗin huji, mai gaya wa inji inda zai huda ramuka, sai na ce bari in buɗe su a manhajar duba kafin in tura wa masana'anta. Layukan tagulla suka fito tsaf, rubutun saman allo ma haka. Ina kunna shimfiɗar huji gabana ya faɗi. Zobban tagullar da ya kamata ramuka su zauna a tsakiyarsu duk a toshe, ramukan kuwa sun tattaru can kusurwar hagu ta ƙasa, sun cunkushe kamar tururuwa a bakin gidansu. 'Yan ƙalilan ne kawai suka tsaya inda na ajiye su.

Na ɗauki fayilolin yadda suke, ban taɓa komai ba, na buɗe su a wata manhajar daban. Kowane rami ya zauna daram a tsakiyar zobensa. To wa zan yarda da shi a cikinsu? Kuma injin masana'anta, shi wane karatun zai yi?

Amfanin fayil ɗin huji shi ne rubutu ne zalla, kowa na iya buɗe shi ya karanta da idonsa. Ga yadda nawa ya fara:

M48
INCH
T01C0.0320
%
T01
X0125Y0075

M48 ke buɗe kan fayil, alamar % ta rufe shi. INCH na cewa awon da inci ne. Layi na uku na cewa bakin huji na farko kaurinsa inci 0.032 ne, wato milimita 0.8 da ɗoriya kaɗan. Duk wannan babu gardama. Rigimar tana layi na ƙarshe. X0125 nawa ne? Babu ɗigo, kuma babu inda aka faɗi wurin da za a saka shi.

A al'adar wannan tsari na fayil ɗin huji, wanda ake kira Excellon, awon inci lamba shida ne, biyu kafin ɗigo, huɗu bayansa. Inci 1.25 cikakken rubutunsa 012500 ke nan. Amma tsarin Excellon ya samo asali ne tun zamanin da ake ba injin huji umarni da doguwar takarda mai huje-huje, lokacin da kowane harafi ke cin wuri, shi ya sa aka saba zubar da sifili, ko na gaba ko na baya. Manhajar zanena na baya ta zubar, 012500 ya koma 0125. Manhajar duba ta farko ta ɗauka na gaba aka zubar, sai ta cike gurbin ta hagu, ta karanta 000125, wato inci 0.0125. Rami ya matso kusa da kusurwa ninki ɗari. Maƙwabcinsa da ke inci 1.275, wanda aka rubuta 01275, shi ninki goma ya matso, ya koma 0.1275. Waɗanda lambobinsu shida suka cika, babu sifilin da za a zubar, su ne 'yan ƙalilan ɗin da ba su motsa ba. Da na gane wannan sai hoton da ke gabana ya daina zama hargitsi, kowane rami na san dalilin da ya kai shi inda yake.

An tanadi kalmar da za ta raba gardamar: a rubuta INCH,LZ ko INCH,TZ. Nawa fayil ɗin ba shi da ko ɗaya. Ko da akwai ma, nan ne wurin da ya fi ba ni haushi a duk harkar. A Excellon, LZ na nufin an bar sifilin gaba, na baya aka cire. A fayil ɗin Gerber kuwa, harafin L da ke cikin layi irin %FSLAX46Y46*% na nufin sifilin gaba ne aka cire. Harafi ɗaya, fayiloli biyu da ke tafiya tare a jaka ɗaya, ma'ana kishiyar juna. Duk wanda ya rubuta manhaja yana riƙe da ma'anar Gerber a kansa, cikin sauƙi zai juya ta Excellon. Gerber ma dai ya fi adalci, domin wannan 46 ɗin ya faɗa ƙarara: lamba huɗu kafin ɗigo, shida bayansa. A fayil ɗin huji sau da yawa sai dai ka tarar da wani abu kamar ;FILE_FORMAT=2:4, kuma duk layin da ya fara da wannan alamar sharhi ne, babu manhajar da aka wajabta wa karanta shi.

Sauran alamomin sun fi sauƙin ganewa. In ramuka suka riƙe siffarsu amma suka bazu ko suka tsuke ninki goma, yawan lambobin bayan ɗigo aka saɓa. In ninkin 25.4 ne, inci da milimita aka cakuɗa. In kuwa duk sun goce gefe guda da tazara iri ɗaya, mafarin awon fayil ɗin huji ne ya bambanta da na Gerber.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne manhaja ta biyu, wadda ta nuna komai daidai. Ba ta fi ta farko sanin gaskiya ba. Ita ma kintace ta yi, ta ci sa'a, kuma ba ta ce mini uffan ba. Da ita kaɗai na buɗe, da na tura fayil mai harshen damo hankalina kwance. Ina ganin duk manhajar da ta tsinci kanta tana kintace, haƙƙin mai amfani da ita ne ta faɗa masa: ban ga bayanin sifili ba, ga abin da na ɗauka. Ba roƙo ba ne mai tsada, layi ɗaya ne na gargaɗi.

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Na koma wurin fitar da fayil, na zaɓi milimita, na zaɓi a rubuta ɗigo a fili. Layin nan ya koma X31.75Y19.05. Wannan ko ɗan koyo ba zai karanta shi biyu ba. Tsarin XNC da kamfanin Ucamco, mai kula da Gerber, ya fitar tare da masu manhajar zanen allo ta KiCad, hanyar da ya bi ke nan: ya tace tsohon tsarin, ya rage umarnin zuwa kaɗan, lambobi kuma da ɗigonsu.

Sai dai ban gama ba. Akwai soket ɗin USB a allon, ƙafafunsa huɗu na riƙo faffaɗa ne, dogon rami suke buƙata, ba zagayayye ba. Bayan gyaran, manhaja ta farko ta jera komai daidai, amma a wurin kowane dogon rami sai ta zana zagayayye guda ɗaya a mafarinsa. Na sake leƙa rubutun, na ga an yi amfani da G85, umarnin da ke cewa a yi ta huji a jere daga wannan wuri zuwa wancan. Akwai wata hanyar: G00 ya kai baki mafari, M15 ya saukar da shi, G01 ya ja shi zuwa ƙarshe, M16 ya ɗaga. Na sauya zuwa wannan, sai duka manhajojin biyu suka nuna dogayen ramuka huɗu.

Kafin in tura, na ɗora huji a kan tagulla na bi su ɗaya bayan ɗaya, na auna tsakanin ramukan kusoshi biyu na gefe, ya yi daidai da zane. Na raba fayil ɗin ramukan da za a shafa wa tagulla a ciki da na waɗanda ba za a shafa ba, na haɗa da 'yar takarda mai cewa awo da milimita ne, ramuka 112, huɗu daga ciki dogaye. Washegari injiniyan masana'antar ya turo hoton yadda allon ya fito a wurinsu domin in tabbatar. Na ƙirga, 112, dogayen nan huɗu suna nan a ƙarƙashin soket.